Daga Wuri Zuwa Sefa: Yadda Matafiyi Yake Biyan Kuɗi a Gaɓar Logon

Wanda ya tsallaka kogin Logon daga Yagwa zuwa Bongor ya shiga wata ƙasa, amma sefar da ke aljihunsa tana nan da darajarta, zai sha shayi da ita ya biya mai mashin. To amma ya kora shanu yamma, ya bi ta Marwa ya nufi Mubi ko Banki, tun kafin ya sayi ruwan sha sai ya nemi ɗan canji. Me ya sa wata iyakar take canza kuɗi, wata kuma ba ta canzawa? Amsar tana cikin tarihi, kuma akwai darasi a ciki ga duk mai dukiyar da ke yawo tsakanin ƙasashe.

A da can, kowace ƙasa da abin da take karɓa. Masa da Musgun na wannan yanki shanu ne ma'aunin arzikinsu, da su ake aure, da su ake biyan manyan basussuka. A Borno ana ciniki da gabaga, wato siririn saƙin auduga, a Adamawa ma irin wannan saƙi ne, Fulani suna ce masa leppi. A ƙasar Hausa kuwa wuri ne, wanda ake kawowa daga tekun Indiya. Kalmar kuɗi ma asalinta jam'in wuri ce, kamar yadda ceede a Fulatanci take nufin wuri kafin ta koma sunan kuɗi.

Wani Bature ɗan Ingila mai suna Denham ya iso birnin Logon a 1824, ya tarar ana saye da sayarwa da siraran faranta na ƙarfe, ana ɗaure su goma ko goma sha biyu a dami. Ya ce a farkon kasuwar kowane mako ake shelar darajarsu. Kun ji ke nan, tashi da faɗuwar farashin canji ya girmi kakanninmu.

To yaya falke yake yi in ya fito daga Kano zai je Garwa ko Bagarmi? Wuri nauyi gare shi. Keso guda wuri 20,000 ne, kuma a lokacin da Barth, ɗan Jamus, ya sauka Kano a 1851, ana ba da wuri 2,500 a kan riyal ɗaya na azurfa. Keso ɗungurungum ke nan riyal takwas kacal. Saboda haka mai dabara ba ya wahalar da jakinsa da wuri. Sai ya ɗauko turkuɗi, riguna, kanwa ko dutsen ado, in ya sauka a gari ya sayar da kaɗan, ya sami kuɗin garin, ya sayi hatsi da ciyawa. Abin da ya fi tsada kuma a biya da riyal mai hoton sarauniyar Ostiriya, Mariya Teresa, wanda kullum shekarar 1780 ce a jikinsa, ko da yaushe aka buga shi. Wannan azurfa ita ce take shiga ko'ina, daga Tarabulus har Wadai.

Sai kuma fatoma. Baƙo ya sauka gidansa, shi zai ajiye masa kaya, ya nemo dillali, ya tsaya masa in an sayi shanu bashi, ya karɓo kuɗin in lokaci ya yi. Aikin da banki yake yi yau, mutunci da sanayya ne suka riƙa yin sa a wancan zamani.

Zuwan Turawa ya kawo kuɗi iri uku a yanki guda. Jamusawa sun zo Kamaru da mak, Faransawa suna Cadi da faran, Ingilishi suna Najeriya da fam da sule da kwabo. Bongor kanta a hannun Jamus take har 1911, lokacin da aka miƙa wa Faransa ƙasar da ke tsakanin Logon da Shari, wadda Turawa suke kira Bakin Agwagwa. Garwa ta faɗi a watan Yunin 1915, Mora kuma ta miƙa wuya a Fabrairun 1916, mak ya bi iyayen gidansa. Da aka ce haraji sai da kuɗin Bature, wuri da gabaga suka mutu a hankali, wanda ya tara su ya wayi gari da tarkace.

Tun daga nan gaɓa biyun Logon suka zama ƙarƙashin Faransa, shi ya sa da aka ƙirƙiro sefa ranar 26 ga Disamba 1945 ta haɗa Yagwa da Bongor. Yau bankin BEAC, mai hedkwata a Yawunde da reshe a Garwa, shi yake buga kuɗin ƙasashe shida: Kamaru, Cadi, Afirka ta Tsakiya, Kongo, Gabon da Ikwatoriyal Gini. Amma a kula, sefa biyu ce. Ta Nijar da Benin wani banki ne daban yake buga ta, BCEAO. Darajarsu ɗaya a lissafi, amma tun 1993 bankunan biyu suka daina karɓar takardun juna. Wanda ya je Zinder ko Diffa da sefar Kamaru sai ya canza, kuma sai an cire masa wani abu.

Tsohon lissafi ma bai mutu ba, yana nan a bakin mutane. A Cadi in an ce riyal, sefa biyar ake nufi. A Nijar dala ita ce sefa biyar, jika kuma dubu. A nan arewacin Kamaru ana ce wa dubu boro, wato jaka. Baƙon da aka ce masa riyal ɗari a kasuwar Bongor, ya sani ɗari biyar zai ƙirga. Ciniki da yawa ya ɓaci a kan wannan, don haka a tambaya da kyau kafin a ce an sallama.

Ɓangaren Najeriya ne ya fi ba 'yan kan iyaka wahala. Ranar 1 ga Janairun 1973 naira ta maye gurbin fam, fam ɗaya naira biyu. A shekarun man fetur naira ta yi ƙarfi, mai kai shanu Najeriya yana dawowa da fara'a. Sai ga Afrilun 1984, gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki, ta canza launin takardun kuɗi, ta ba da kusan mako biyu a kai tsofaffi banki. Wanda yake Marwa ko Kusiri da buhun naira ba shi da hanyar shiga, kuɗinsa suka zama takarda. Ba a buɗe iyakar ba sai 1986, kuma a shekarar ce aka fara karya darajar naira. Daga nan 'yan kasuwa suka koma dabarar fatake: a sayar da shanu da naira, a juya ta nan take zuwa atamfa, robobi, sukari ko man zuwa-zuwa, a zo gida a sayar da sefa.

Sefa ma ta sha nata. A Janairun 1994, a taron Dakar, aka raba darajarta biyu: faran ɗaya na Faransa da yake sefa 50 ya koma 100. Maganin dabbobi da kayan gyaran mota da ake shigowa da su suka yi tsada, amma mai shanu ya ga farashin dabbarsa ya tashi. Wanda ya riƙe garke ya tsira, wanda ya riƙe takarda ya yi asarar rabi a kan kayan waje. Tun 1999 an ɗaure sefa da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, kuma har yau ba ta motsa daga nan ba.

Abin mamaki, rana guda, 15 ga Disamba 2022, BEAC ta fito da sababbin takardu, Babban Bankin Najeriya ma ya fito da sababbin naira 200, 500 da 1,000. A ɓangaren sefa an bar takardun da ake amfani da su suna tafiya tare da sababbi. A Najeriya kuwa aka sa wa'adin ƙarshen Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, tsabar kuɗi ta ɓace, kasuwannin dabbobi suka yi sanyi, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. Makiyayin da ba shi da asusun banki shi ya fi kowa jin jiki, ya sayar da rahusa ga mai tsaba a hannu.

Yanzu waya ta shigo. A Kamaru akwai Orange Money da MTN Mobile Money, a Cadi akwai Airtel Money da Moov, a Najeriya kuma masu POS sun cika tasha. Sun rage ɗaukar kuɗi a daji inda masu tare hanya suke, amma wayar tana bukatar sabis, kuma wakili yana bukatar tsaba a akwatinsa ranar kasuwa. Mai son juya naira zuwa sefa yakan bi ta hannun ɗan canji ko amintaccen maigida mai ɗan'uwa a ɗaya ɓangaren. Fatoma dai bai mutu ba, waya ya saya. An kuma buɗe gadar da ta haɗa Yagwa da Bongor a 2025, zirga-zirga za ta ƙaru, masu canji ma haka.

Abin da dattawa suka koya daga 1984 da 1994 da 2023 shi ne, kuɗin wata ƙasa ba abin ajiya ba ne, hukumar da ta buga shi tana iya sauya shi ba tare da ta tambaye ka ba. A canza abin da za a kashe, sauran a juya shi ya zama kaya ko dabba ko kuɗin gida. A ji farashi a bakin mutum biyu ko uku, a yi canji hannu da hannu kamar yadda malamai suka karantar, a ƙirga a gaban shaida, a tanadi ƙananan kuɗi tun daga gida domin canji yana wuya a kasuwannin ƙauye. In kuma aka ji labarin za a sauya takardu, kada a jira ranar ƙarshe.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a garke da kasuwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.