Tsohon Agogon Hannu da Matsalar Gane Na Asali

A watan Nuwamba na 2021 gidan gwanjo na Phillips ya yi cinikin wani agogon hannu a birnin Jeneba ta ƙasar Suwizalan. Agogon ƙirar Omega ne, samfurin Speedmaster na 1957, watau shekarar da aka fara ƙera irinsa. An ƙiyasta ba zai wuce faranka 120,000 ba, amma sai da ya haura miliyan 3, kuma kamfanin Omega da kansa ne ya saya don ya ajiye a gidan tarihinsa. A 2023 kamfanin ya fito ya ce ashe haɗin gambiza aka sayar masa: an tsinto sassa daga agogo dabam-dabam, aka harhaɗa. Abin tambaya shi ne, yaya aka yi kalmar "asali" ta yi tsada haka, har ta ruɗi maƙerin agogon?

Amsar tana cikin tarihin sana'ar. Tun daga Yaƙin Duniya na Farko, lokacin da sojoji suka yaɗa ɗaura agogo a hannu, har zuwa shekarun 1960, agogo kayan aiki ne. Idan mai shi ya kai gyara, sai a cire fuskar da ta dushe a sa sabuwa, a canja hannuwa, a goge jikin ƙarfen har ya yi ƙyalli. Wannan shi ne gyaran kirki a wancan zamani, kuma babu wanda ya ɗauke shi ha'inci.

A ƙarshen 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da Astron, agogo mai batir. Ba da daɗewa ba irinsa ya yi araha, ya kuma fi mai wani kiyaye lokaci. Masana'antar Suwizalan ta durƙushe: ma'aikatanta, waɗanda suka kai kimanin 90,000 a 1970, suka koma wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. To, a nan ne al'amarin ya juya. Tun da agogo mai wani ya rasa matsayinsa na sarkin aiki, sai ya koma kayan tarihi, masu hali suna tara shi kamar tsofaffin littattafai. Shi kuwa kayan tarihi, darajarsa ita ce a ce ba a taɓa shi ba. Saboda haka abin da mai gyara ya yi da kyakkyawar niyya a 1965 ya zama aibi, fuskar da rana ta ƙona ta koma ruwan ƙasa kuwa ta zama abin nema ido rufe. A watan Oktoba na 2017 aka sayar da Rolex Daytona na ɗan wasan kwaikwayon nan Paul Newman a Amurka a kan dala miliyan 17.8. Inda irin wannan kuɗi ya sauka, lalle masu algus ba za su yi nisa ba.

Ya kamata a bambanta abubuwa biyu. Akwai jabu tsantsa, wanda ba kamfanin ne ya ƙera shi ba, kuma gwani yakan gane shi da zarar ya buɗe marfi ya dubi inji. Wanda ya fi wuya shi ne agogon da kowane sashe nasa na gaske ne, amma ba tare suka fito daga masana'anta ba. A nan mai saye ba ya da makami sai tarihi, domin kowane sashe yana da zamaninsa.

Alal misali, maganin da ake shafawa a lambobi da hannuwa don su yi haske da dare. Da farko radiyam ake amfani da shi. Da haɗarinsa ya sa aka guje shi, sai aka koma tiritiyam a shekarun 1960, har akan buga harafin T a ƙasan fuska, kusa da sunan ƙasar. Radiyam yakan shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi, tiritiyam kuwa shekara 12 da 'yan watanni. Don haka agogon 1957 har yanzu yakan motsa na'urar auna tururin radiyam. Idan na'urar ta yi shiru, ko aka ga T a fuskarsa, to an canja wani abu. Haka kuma akan duba ko hannuwa da lambobi sun tsufa tare, launinsu ya zo ɗaya. Akan duba gefen jikin agogon: guga tana cin ƙarfe, kusurwa mai kaifi takan dakushe, kuma abin da aka goge ba ya dawowa da kansa. Sa'an nan akan gwada lambar da ke jikin inji da kundin kamfani. Wasu kamfanoni, irin su Patek Philippe da Longines, sukan ba da takardar da aka ciro daga kundinsu. Sai dai masu saye da yawa sukan ɗora wa wannan takarda nauyin da ba nata ba. Abin da take faɗi shi ne yadda agogon ya bar masana'anta. Ba ta san abin da ya same shi cikin shekara sittin ba.

Agogon Jeneba ya tsallake idon masana har aka buga masa ƙararrawa. Abin da ya fara tona asirinsa shi ne tsofaffin hotuna: wani mai bincike ya nuna cewa an taɓa ganin wannan fuska mai ruwan ƙasa tare da waɗansu sassa dabam. Daɗin daɗawa, a cewar Omega, akwai hannun tsofaffin ma'aikatansa uku a ciki, watau mutanen da ke kusa da kundin da kowa ke dogara da shi. Kamfanin ya kai ƙara gaban hukuma, gidan gwanjon kuma ya ce shi ma yaudararsa aka yi.