Murray Walker, Muryar Tseren Motoci

Ranar Asabar, 13 ga watan Maris na shekarar 2021, alhali direbobin Formula 1 suna can Bahrain suna gwajin sababbin motocinsu kafin buɗe kakar tsere, sai labari ya iso daga Ingila cewa Murray Walker ya rasu yana da shekara 97 a duniya. Wanda bai san sha'anin ba zai yi mamakin yadda mutuwar mutumin da bai taɓa lashe wani babban tsere ba ta girgiza manyan direbobi da masu kamfanonin motoci, amma duk wanda ya taɓa zama gaban talabijin ranar Lahadi ya ji wannan murya tana tashi tare da ƙugin injuna, ya san dalili.

An haife shi a Birmingham ranar 10 ga Oktoba, 1923, kuma tsere gadonsa ne, domin mahaifinsa, Graham Walker, gwanin tseren babur ne wanda ya ci ɗaya daga cikin gasannin tsibirin Man a 1931. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, Murray ya yi horo a makarantar hafsoshi ta Sandhurst, ya jagoranci tankar yaƙi samfurin Sherman har cikin Jamus, ya bar soja da muƙamin kyaftin. Ya gwada tseren babur shi ma, amma da ya auna kansa da mahaifinsa ya ga tazarar da ke tsakani, sai ya haƙura. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, har zuwa 1982 sana'ar da yake ci da ita tsara tallace-tallace ce a kamfanonin Landan. Sharhin tsere aikin ƙarshen mako ne, wanda ya faro da lasifika a tseren hawan tudu na Shelsley Walsh a 1948, sannan rediyon BBC ya ɗauke shi a gasar Silverstone ta 1949. Shekara da shekaru shi da mahaifinsa suna sharhin tseren babur tare, har uban ya rasu a 1962.

Sai a 1978, yana da shekara hamsin da ɗoriya, lokacin da wasu ke shirin ajiye aiki, BBC ta damƙa masa sharhin Formula 1 gaba ɗaya. A tsaye yake aikinsa, yana tsalle, yana nuna allo da yatsa, muryarsa tana hawa tana sauka daidai da gudun motocin, kamar sanƙira a fagen dambe wanda kirarinsa kan sa ko baƙon da bai san 'yan damben ba ya miƙe tsaye. Saboda wannan gaggawa ne harshensa kan riga tunaninsa, har ya shahara da tuntuɓen baki: ya taɓa cewa motar da ke gaba ba ta da tamka, in ban da wadda ke bayanta, wadda take iri ɗaya da ita sak. Sau da yawa kuma yakan yaba wa direba cewa nasara ta tabbata, kafin ya rufe baki injin ya kama hayaƙi. Jama'a suka tattara waɗannan kalamai suna raha da su, shi ma yana taya su dariya. A ganina, waɗanda suka tsaya ga rahar kawai sun rage masa haƙƙi, domin a ƙarƙashin wannan shauƙi akwai bincike mai zurfi: tun kwanaki kafin tsere yakan zaga wurin makanikai da injiniyoyi yana tambaya yana rubutawa, ya shiga ɗakin sharhi da takardu cike da bayanai na hannunsa.

Babin da ya fi daɗin ji a tarihinsa shi ne zamansa da James Hunt, zakaran duniya na 1976, wanda aka haɗa su aiki daga 1980. Da wuya a sami mutum biyu da ɗabi'unsu suka saɓa kamar waɗannan: ɗaya tsohon hafsan soja mai kiyaye lokaci da tsari, ɗaya kuwa ɗan duniya mai zuwa a makare, wanda a tserensu na farko a Monako ya iso da ƙafa cikin filasta, ya ɗora ta a cinyar Walker. Don kada su riƙa katse juna, sai shugabanninsu suka yi hikimar ba su makirfo guda ɗaya, wanda ya zama abin fizge-fizge, har Walker da kansa ya ba da labarin ranar da ya ɗaga hannu zai kai wa abokin aikinsa naushi. Hunt ba ya tauna magana, yakan yi wa direban da bai gamsu da shi ba kaca-kaca, musamman Riccardo Patrese, shi kuwa Walker yakan nemo wa kowa uzuri, don ya san mutumin da ke cikin motar ransa ya ɗora a kan layi. Sannu a hankali ƙiyayya ta koma girmamawa, har ciwon zuciya ya ɗauke Hunt a watan Yuni na 1993 yana da shekara 45.

Kusan shekara guda bayan haka, ranar 1 ga Mayu, 1994, aka jarrabe shi da abin da ya fi kowane nauyi, yayin da motar Ayrton Senna ta daki katanga a Imola, kwana ɗaya bayan mutuwar Roland Ratzenberger a filin. Dole ya ci gaba da magana ga miliyoyin mutane, ba tare da ya yanke hukuncin abin da likitoci ba su tabbatar ba, ba kuma tare da ya ba da begen da idonsa ke ƙaryatawa ba, kuma mai yawan zumuɗin nan ya yi hakan cikin natsuwa da ladabi. A Suzuka kuwa, a 1996, lokacin da Damon Hill ya zama zakaran duniya kamar mahaifinsa Graham Hill, wanda ya mutu a haɗarin jirgin sama a 1975, muryar Walker ta shaƙe, ya gaya wa masu kallo cewa tilas ya dakata.

Da tashar ITV ta karɓi gasar a 1997 ta tafi da shi, ta haɗa shi da tsohon direba Martin Brundle. Amma tsufa ya fara taɓa jinsa, jaridu kuma suka fara ƙirga masa kurakurai da tsanani, sai ya zaɓi ya sauka da mutuncinsa. Tserensa na ƙarshe shi ne na Amurka a Indianapolis a 2001, wanda Mika Häkkinen ya ci, inda masu filin suka ba shi kyautar bulo guda daga ainihin tubalin da aka shimfiɗa hanyar da shi tun farko. Littafin tarihin rayuwarsa ya fito a 2002, ya kuma ci gaba da rubutu da hira da direbobi har bayan da aka gano cutar daji a jikinsa a 2013. Brundle, wanda ya koyi sana'ar a gefensa, ya koma tashar Sky a 2012 ya ci gaba da sharhin gasar a can.