Bawul ɗin sarbo: ƴar na'urar da ke sarrafa manyan injuna

Bawul ɗin sarbo, wanda takardun Faransanci ke rubutawa servovalve, na'ura ce da ke karɓar umarni ta lantarki mai rauni ƙwarai, sannan ta buɗe wa man haidirolik hanya daidai gwargwadon umarnin. Wanda aka fi gani a masana'antu ana ɗaukarsa da hannu ɗaya, amma da shi ake motsa ƙarfe mai nauyin tan-tan, a tsayar da shi cak inda ake so.

Duk wanda ya taɓa ganin tifa tana juye yashi a Maraɗi, ko tarakta tana ɗaga garma a gonakin Sarkin Yamma da ke gundumar Madarumfa, ya ga haidirolik yana aiki. Famfo ne ke matsa mai, man ya bi tiyo ya shiga silinda, ya tura sandar ƙarfe waje. Tushen abin shi ne ƙa'idar Blaise Pascal, masanin Faransa na ƙarni na 17: idan aka matsa ruwa a rufaffen wuri, matsin yana isa ko'ina daidai wa daida. A 1795 Joseph Bramah na Ingila ya yi rajistar injin matsa na farko bisa wannan ƙa'ida. Injunan yau sukan yi aiki da matsin bar 210, kusan ninki ɗari na iskar tayar ƙaramar mota. Da wannan matsi, silinda mai faɗin santimita 10 tana tura kimanin tan 16.

Samun ƙarfi ke nan ba wuya. Wuyar ita ce linzaminsa. A tarakta direba ne ke jan liba, idonsa na kan garma, yana ƙarawa yana ragewa, kamar yadda manomin Jiratawa ke buɗe bakin fangali ya toshe idan ruwa ya isa. Amma akwai aikin da ya fi ƙarfin ido da hannun mutum, wanda ke buƙatar gyara sau da yawa cikin daƙiƙa guda. Fikafikan jiragen yaƙi da makamai masu linzami ne suka fara tilasta neman mafita bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1951 injiniya William Moog ya kafa kamfani a East Aurora, jihar New York ta Amurka, don ƙera wannan bawul, kuma sunan Moog na nan a kasuwa har yau tare da Bosch Rexroth da Parker.

Yadda yake aiki

Samfurin da ya fi yaɗuwa hawa biyu ne. A sama akwai ƙaramin maganaɗisu da waya ta kewaye. Lantarkin da ke shiga cikinsa ƴan miliamfiya ne, bai kai abin da cajar salula ke bayarwa ba. Shi ke karkata wani ɗan harshen ƙarfe da ke tsaye tsakanin bututu biyu ƙanana masu tsartar da mai. Idan harshen ya matsa kusa da na dama, man wannan gefe ya rasa mafita, matsinsa ya hau, na hagu ya sauka.

Wannan bambanci ne ke tura hawa na biyu: sandar ƙarfe mai gaɓoɓi kamar rake, wadda makanikai masu Faransanci ke kira tiroir. Da ta gusa, ƙofofin babban mai su buɗe zuwa silinda. Wata siririyar waya mai tauri ta haɗa sandar da harshen. Sandar na tafiya, wayar na jawo harshen ya koma tsakiya, har sandar ta tsaya daidai inda lantarki ya nema. Lantarki kaɗan, buɗi kaɗan. Aka juya lantarkin, silinda ta koma baya.

A jikin injin kuma akwai ma'auni da ke gaya wa kwamfuta inda sandar silinda ta kai. Kwamfutar ta gwada da inda aka umarta, ta aika gyara nan take. Wannan kai-da-kawo shi ne ma'anar sarbo.

Inda yake shafar mutanen Maraɗi

Ba kowane haidirolik ne ke da shi ba. Tifa da tsohuwar tarakta liba ta ishe su. Katafilolin zamani, irin waɗanda ake gani a manyan ayyuka kamar layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a 2021, galibi suna amfani da ƙanensa, bawul mai bin gwargwado, wanda ya fi araha kuma ya fi jure datti. Sarbo na gaske yana jiragen sama, da injunan murza ƙarfe, da wasu injunan zuba roba, da tashoshin wuta.

Na ƙarshen nan ne ya fi kusa da gida. Layin kilobolt 132 daga Katsina zuwa Gazawa shi ke kawo wa Maraɗi da Damagaram wutar Najeriya. Dole injunan da ke samar da ita su riƙe bugu 50 a daƙiƙa, ko da gari guda ya kunna fanka lokaci ɗaya. A tashoshin ruwa irin Kainji, da na iskar gas, na'urar daidaita gudu ce ke ƙara ko rage abin da ke shiga injin, kuma a na zamani bawuloli irin wannan ne hannunta.

Babban maƙiyinsa ƙura

Tazarar da ke tsakanin sandar nan da gidanta ƴan mikron ne, alhali silin gashin mutum ya kai mikron 70. Ƙwayar ƙurar hunturu da ido ba ya gani ta isa ta toshe bututun ko ta cinye bakin sandar. Shi ya sa injiniyoyi ke ɗora yawancin lalacewar waɗannan bawuloli a kan gurɓataccen mai. Ko sabon mai daga duro bai cika tsabtar da ake nema ba sai an tace shi da matata mai kama mikron 3 zuwa 5. Akwai ma'aunin duniya na wannan tsabta, ISO 4406. To, ina ga man da aka auno a buɗaɗɗen jarka bakin titi, aka ɗura da mazurarin da ya kwana a ƙasa? Arahar nan ba ta ado, domin sabon bawul yakan haura miliyan guda na sefa, kafin a yi maganar makonnin jiran odarsa.

Zafi ma yana taka rawa. Idan man ya daɗe sama da digiri 60, yakan tsufa da wuri ya bar danƙo a jikin sandar, kuma a watan Afrilu iskar Maraɗi kanta tana wuce 40. Alamun matsala sanannu ne: silinda ta riƙa rawa, ko ta zame ba a umarce ta ba, ko ta yi nawa. Kwance bawul ɗin a garejin unguwa yawanci ƙara lalata shi yake yi, saboda saitinsa sai a teburin gwaji na musamman. Abin da makaniki zai iya yi da kansa shi ne duba matata, da wayoyi, da zafin mai.

Idan kuma ana neman inda tiyo ke yoyo, da kwali ake lalube, ba da hannu ba. Tsartuwar mai a irin wannan matsi tana huda fata ta shige nama. Raunin yakan yi kama da sukar ƙaya, amma yana buƙatar tiyata cikin ƴan awoyi, in ba haka ba ana iya rasa yatsa.