Enter the Dragon

Enter the Dragon fim ne na faɗan Sin wanda aka shirya a Hong Kong, bisa haɗin gwiwar kamfanonin Warner Bros na Amurka da Golden Harvest, Robert Clouse ya ba da umarni, aka fito da shi a 1973, jim kaɗan bayan ajali ya riski jaruminsa, Bruce Lee, ranar 20 ga Yuli, yana da shekara 32 a duniya.

Ƙissarsa ita ce ta wani almajirin Shaolin da aka aika tsibirin azzalumi Han, wanda ya fake da gasar faɗa alhali kuwa fataucin ƙwaya yake yi, domin ya tona asirinsa, ya kuma ɗauki fansar 'yar'uwarsa. Daga ƙarshe ya gwabza da Han a ɗakin madubai, inda basira ta rinjayi makirci.

A ƙasar Hausa, inda ake kiran irinsa fim ɗin Canis, sinimomin Kano kamar Plaza da Marhaba sun riƙa jera irin waɗannan finafinai da na Indiya, har sha'awarsu ta kai garuruwa irin su Gombe, musamman bayan zuwan kaset ɗin bidiyo. Jama'ar da ta gaji dambe da kokawa tun kaka da kakanni ba ta buƙaci tafinta ba wajen fahimtar ladabin almajiri ga malaminsa, da haƙurin horo, da ɗaukakar mai rauni a kan mai zalunci, saboda haka samari suka shiga kwaikwayon tsalle da shurin Bruce Lee a filayen unguwa, wasunsu kuma suka nemi malaman kareti na haƙiƙa.