Daga Rijiyar Mai Zuwa Ajin Jami'a: Tarihin Karatun Binne Iskar Kabon

A yau ɗalibi kan shiga jami'a ya fito da digiri na biyu, ko ma na digirgir, a kan kama iskar kabon daga hayaƙin masana'antu, da cin moriyarta, da binne ta a ƙarƙashin ƙasa. Sai dai waɗanda suka share fagen wannan ilimi masu haƙar mai ne, kuma riba suke nema. Ɗumamar yanayi ba ta cikin lissafinsu.

Tun 1930 wani Ba'amurke, Robert Bottoms, ya yi rajistar dabarar wanke iskar gas da ruwan sinadarin amin, wanda ke tsotse kabon ya bar gas mai tsabta na sayarwa. Abin da aka tsotse kuwa a sama ake sakinsa. A 1972 ne, a filin mai na SACROC da ke yammacin Texas, aka fara tura iskar kabon mai ɗimbin yawa cikin rijiyoyin da suka fara ƙafewa. Takan gauraya da ɗanyen man da ya maƙale a ƙofofin dutse, ta tsinka shi, ya gudano. Wani kaso nata yakan zauna can ƙasa, abin da kamfani ke gani asara, tunda da kuɗinsa ya sayo ta.

Masana sun shigo daga baya. A 1977 Cesare Marchetti, ɗan Italiya, ya ba da shawarar a zuba iskar a mashigin Jibralta, ruwa ya ja ta zuwa ƙasan Tekun Atlantika. Ba a bi shawararsa ba, amma tambayar inda za a kai iskar ta zauna daram. Jami'ar MIT ta Amurka ta buɗe shirin bincike a kai a 1989.

Haraji ne ya juya lamarin. A 1991 Norway ta ɗora haraji kan kabon da kamfanonin mai ke saki a teku. Gas ɗin filin Sleipner na ɗauke da kabon kusan kashi 9 cikin 100, alhali kasuwa ba ta karɓar sama da kashi 2.5. Kamfanin Statoil, wanda yanzu ake kira Equinor, ya buga lissafi ya ga binnewa ta fi biyan haraji sauƙi. Daga 1996 ya fara tura kusan tan miliyan 1 a shekara cikin dutsen yashi na Utsira, a ƙarƙashin Tekun Arewa. A zurfin da ya wuce mita 800, nauyi da zafi sukan matse iskar ta yi kauri kusan kamar ruwa, sai shimfiɗar dutsen laka da ke sama ta tare ta. An riƙa ɗaukar hoton wurin da amon sauti lokaci zuwa lokaci, ana ganin yadda iskar ke bazuwa. Waɗannan hotuna, a ganina, sun fi kowane littafi gina fannin, domin su suka ba malamai abin nuna wa ɗalibi da ido.

A 2005 kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto na musamman kan batun. A shekarar ce kuma jami'o'in Edinburgh da Heriot-Watt suka haɗa gwiwa da hukumar binciken ƙasa ta Birtaniya suka kafa cibiyar bincike a Scotland. Edinburgh ta naɗa Stuart Haszeldine farfesan fannin, ta kuma buɗe digiri na biyu. Manhajar gado ce daga sashen man fetur: ilimin duwatsu, injiniyancin rijiya, kimiyyar sinadarai, aka ƙara tattalin arziki da doka. Masu suka na da abin faɗa a nan, tunda har yanzu mafi yawan kabon da ake kamawa a duniya wajen fito da ƙarin mai yake tafiya.

Afirka ma ta ba da nata darasin. A In Salah, cikin hamadar Aljeriya, kamfanonin BP da Statoil da Sonatrach sun binne kusan tan miliyan 3.8 daga 2004. Tauraron ɗan'adam ya hango ƙasa tana ɗagowa da 'yan milimitoci a saman rijiyoyin, bincike ya nuna alamun tsagewa a ƙasan dutsen da ke rufe, aka dakatar da turawa a 2011. Wannan na cikin dalilan da suka sa a yau sa ido bayan binnewa ya zama babi mai zaman kansa a manhajar.