Macijin Kalaba da Saɓanin Malamai a Kan Nasabarsa

A cikin kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, tun daga Saliyo har zuwa Kwango, akwai wani ɗan maciji marar dafi, wanda tsawonsa bai cika kai mita 1 ba, mai kutsawa ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye yana farautar jariran ɓeraye a ramukansu, wanda kuma, saboda wutsiyarsa gundul take kamar kai, jama'a da yawa ke ce masa mai kai biyu. Ƙanƙantarsa ba ta hana malaman ilmin dabbobi shafe fiye da shekara ɗari suna jayayya a kan nasabarsa ba.

Wanda ya fara siffanta shi, a tsakiyar ƙarni na 19, shi ne Hermann Schlegel, Bajamushen da ke aiki a Leiden ta ƙasar Holan, ya kuwa sanya shi cikin macizan da ake kira bowar rairayi. A 1858 John Edward Gray na gidan tarihin Landan ya ƙaga masa sunan Calabaria, nisba zuwa ga garin Kalaba. Daga bisani aka mayar da shi cikin dangin mesa bisa wani ƙiyasi mai sauƙin karɓuwa, cewa tunda mesa ƙwai take sakawa, alhali galibin bowa haihuwa suke yi, shi kuma ƙwai yake sakawa, lalle mesa ne.

Amma kama da wane ba ta wane ba ce, domin bowar rairayi ta Sahel, wadda ake samu har a arewacin Nijeriya da Nijar, ita ma ƙwai take sakawa. A 1993 Arnold Kluge na Jami'ar Michigan, bayan ya yi tahƙiƙi a kan ƙasusuwansa, ya warware wancan hukunci, ya haɗa shi da wasu ƙananan bowa na Arewacin Amurka. Da ilmin ƙwayoyin gado ya bunƙasa, sai ya gaskata Kluge a rabi, ya saɓa masa a rabi: macijin ya fi kusa da bowa, amma reshensa ya rabu da nasu tun zamani mai nisa. Saboda haka a 2014 wani malami mai suna Pyron da abokansa suka ware masa dangi na kansa, Calabariidae, wanda babu kowa cikinsa sai shi, ko da yake wasu malamai har yanzu reshe suke ɗaukarsa a cikin dangin bowa.