Daga Colorado Zuwa Ilorin: Yadda Malaman Tarihin Duniya Suka Haɗa Kai

A watan Mayun 1982 aka kira taro a makarantar horar da hafsoshin sojan sama ta Amurka da ke jihar Colorado, domin a tattauna yadda ya kamata a koyar da tarihin duniya. Masu shirya taron sun ɗauka mutane ƙalilan za su zo, sai ga malamai sun yi cincirindo, akasarinsu masu shiga aji ne kullum. A watan Disamba na wannan shekara, a gefen babban taron masana tarihin Amurka a birnin Washington, aka kafa ƙungiyar da ake kira World History Association. Ross Dunn ne shugabanta na farko da aka zaɓa.

Abin da ya tara su damuwa ce da ta daɗe tana cin malamai. Tun bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya jami'o'in Amurka ke koyar da wani darasi na wayewar Yamma, shi ne kuma ya zauna a matsayin tarihin ɗan Adam baki ɗaya. In ka buɗe littafin ɗalibi za ka tarar an taɓo Masar da Babila a shafukan farko, sai Girka, sai Rum, daga nan Turai ce har bangon ƙarshe. Sin da Indiya babi ɗaya ko biyu suke samu. Afirka kuwa ba ta shigowa sai ranar da jirgin ruwan Bature ya tsaya a gaɓarta. Amma bayan 1960 duniya ta sauya: ƙasashen Afirka sun sami 'yancin kai, baƙar fatar Amurka sun tashi neman haƙƙinsu, dokar shige da fice ta 1965 kuma ta buɗe ƙofa ga 'yan Asiya da sauran nahiyoyi. Malami ya wayi gari da yaran da babu labarin kakanninsu a littafin da ke hannunsa. An ce ya koyar da tarihin duniya, alhali shi kansa ba wanda ya koya masa.

Akwai masana ƙalilan da suka riga suka share hanya. William McNeill na Jami'ar Chicago ya fitar da The Rise of the West a 1963, inda ya nuna cewa cuɗanyar al'ummomi ce ke motsa tarihi. Abokin aikinsa Marshall Hodgson, wanda ya rasu a 1968, ya ɗora duniyar Musulunci a tsakiyar labarin. Sai dai manyan farfesoshi da yawa sun riƙa yi wa fannin kallon hadarin kaji, suna ganin wanda ya ce zai san duniya duka ba zai san komai da kyau ba. Wannan raini ne ya sa ƙungiyar ta jingina da malaman sakandare tun daga farko, kuma a ganina nan ne ƙarfinta yake. Wata malamar sakandare, Heidi Roupp ta garin Aspen, ta kai ga shugabancin ƙungiyar, abin da ba kasafai ake gani a ƙungiyoyin masana ba.

Dalilin da ya haifar da rassan yankuna ma ke nan. Malamin sakandare ba shi da kuɗin jirgi da na masauki domin babban taro a can nesa, ba zai kuma bar ajinsa mako guda ba. Saboda haka aka kafa rassa a yankin tsaunukan Rocky, da kudu maso gabas, da New England, da Texas, da California, inda mutum zai tuƙa motarsa ya halarci taron kwana biyu, ya komo da tsarin darasi, da taswira, da guntayen tsofaffin rubuce-rubuce da zai raba wa ɗalibai. A 1990 mujallar Journal of World History ta fara fitowa daga Jami'ar Hawaii a hannun Jerry Bentley, a 2002 kuma aka fara rubuta jarrabawar tarihin duniya ta share fagen shiga jami'a a faɗin ƙasar.

Wani abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, da yawa daga cikin maginan fannin masana tarihin Afirka ne. Shi Ross Dunn a kan Maroko ya yi bincikensa, kuma a 1986 ya rubuta littafi a kan tafiye-tafiyen Ibn Battuta, wanda ya ratsa Mali ya biyo ta Takadda a 1353. Philip Curtin kuwa, a littafinsa na 1984 kan ciniki tsakanin al'ummomi, ya kawo fataken Hausawa a jerin misalansa tare da Armeniyawa da 'yan kasuwar Sin. Ya amfana da binciken Abner Cohen a unguwar Sabo ta Ibadan, inda falke ke sauka wajen maigida, maigida ya ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa in an sayar da shanu bashi. Wannan tsari na zango, wanda ya riƙe cinikin goro daga Gwanja zuwa Kano, ya shiga cikin abubuwan da ake fahimtar kasuwancin duniya da su.

Duk da haka, tarihin duniyar da ake tsarawa a ƙasa guda ba zai rabu da idon mutanen ƙasar ba. Shi ya sa masanan Turai suka kafa tasu ƙungiyar a 2002 da cibiya a Leipzig ta Jamus. Masanan Asiya suka kafa tasu a 2008, suka yi babban taronsu na farko a Osaka ta Japan a 2009. A ƙarshen wannan shekara ta 2009 aka taru a Jami'ar Ilorin aka kafa ta Afirka, mai aiki da Ingilishi da Faransanci, da goyon bayan Patrick Manning, ɗalibin Curtin wanda ya yi bincike a kan Dahomey.

Abin takaici, a daidai wannan lokaci ne aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Nijeriya, sai da Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, wadda Kenneth Dike da abokan aikinsa suka kafa a 1955, ta yi shekaru tana fafutuka kafin a dawo da shi. Yanzu da ya dawo, malamin da ke Gusau ko Azare yana cikin halin da takwaransa na Amurka ya shiga a 1982. Kayan aiki kuwa muna da su: Tarihin Kano ya ba da labarin zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, ga rubuce-rubucen malaman Sakkwato, ga takardun da ke Arewa House a Kaduna. Ina kira ga sassan tarihi na jami'o'inmu a Zariya, da Kano, da Sakkwato, da Yamai, da Damagaram, su riƙa kiran taron yanki ko da sau ɗaya a shekara, su kuma ba malaman sakandare kujera a teburin da farfesoshi ke zama.